Zabi Biyun da Suka Je Jami'a Suka Komo

Tun ranar da na sauka a tashar Rano riƙe da keji, zabi biyu suna leƙe daga cikinsa, ban sake samun sakat ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na je ta'aziyya a ja ni gefe. Har Malam Iro na Madachi, wanda muka yi damina uku ba mu ga juna ba, ya buga wa kekensa iska ya zo Kibiya takanas. Tambayar kuwa ba ta sākewa: "Hedimasta, kai da ka tafi ban haƙuri da zabi, yaya aka yi ka komo da zabi?" Waɗansu sun ce korata aka yi tun daga ƙofa, waɗansu sun ce rowar tsufa ce ta kama ni a hanya. Tun da ba a rufe bakin jama'a da tafin hannu, na ga ya kamata in tsara labarin daki-daki, domin wanda zai zarge ni ya zarge ni a kan abin da na aikata, ba a kan abin da aka ƙaga ba.

Wanda bai san ni ba, ni tsohon malamin firamare ne. Na koyar a Yalwa, na koyar a Dawaki, na ƙare da riƙon makaranta a cikin Rano, sa'an nan na ajiye alli na koma gonata. Autata, Safiya, tana ajin ƙarshe a wata jami'a da ke kudu da mu, tafiyar yini guda cur, tana karatun haɗa magunguna. Ba zan ambaci jami'ar ba, gama har yanzu sunan yarinyar yana cikin littafinsu.

Ana cikin yankan dawa sai ga wasiƙa. An ce ɗalibai sun yi bore a kan ƙarin kuɗin makaranta, an tsayar da karatu, an fitar da sunayen waɗanda ake ɗauka su ne kan gaba, kuma Safiya tana ciki. Duk uban da yake son a bar ɗansa ya ci gaba da karatu, sai ya bayyana gaban kwamiti ya sa hannu a takardar alkawari. Wanda bai zo ba, an kori ɗansa ke nan.

Ba zan ɓoye muku ba, fushina a kan yarinyar ya sauka. Na ce da uwarta, Hajiya Asabe, "Karatu na aike ta, ko kuwa hawan titi?" Hajiya ta san al'ada kamar yadda na sani: in ɗanka ya yi wa babba laifi, ba ka zuwa hannu rabbana. Kana ɗaukar abin gaisuwa, ka durƙusa, ka ce a yi haƙuri, yaro ne. Ta shiga cikin zabinta ta zaɓo biyu mafiya ƙiba, namiji da tamata, ta sa su a keji ta ɗaure ƙofar da tsumma. Ni kuwa na fito da babbar rigata ta saƙi, wadda ba na sawa sai Idi.

Daga Kibiya zuwa Rano a kan babur na je, keji a cinyata, rigar saƙi tana cika da iska kamar za ta ɗaga ni. Daga Rano na shiga ƙaramar mota zuwa Tudun Wada, a can na sami doguwar bas mai zuwa kudu. Kamar yadda aka saba tun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, mata suna baya, maza suna gaba. Direba ya so ya ɗaure kejin a saman mota tare da buhunan masara, na ce masa waɗannan zabi wurin babban mutum za su, ba za su isa da jiri ba. Ya yi dariya ya ce, "To, Baba, sai ka biya musu kujera." Na ce cinyata ta ishe su.

Da muka shiga dajin Falgore sai hira ta mutu. Wanda ya san hanyar ya san dalili: 'yan fashi. Kowa ya kama abin da ya iya na addu'a, har wata mace a baya na ji tana yin tata da wani harshe. Allah Ya fitar da mu lafiya. Amma ashe abin da zai same ni ba a dajin yake ba, a iyakar jiha yake.

Muna ƙetare iyaka, sai waɗansu samari suka jawo katako mai ƙusoshi suka shimfiɗa a titi. Direba ya taka birki da ƙarfi, goshina ya bugi ƙarfen kujerar gaba, tabarauna ya faɗi. Kafin in sunkuya, maƙwabcina ya riga ya ɗora masa takalmi. Ido ɗaya ya ruguje, ɗayan ya tsage biyu. Ina cikin juya shi a hannu, sai ɗaya daga samarin ya zuro kai ta taga.

"Mai zabi, ina takardar dabba?"

Na ce, "Wace dabba?"

"Waɗannan. Duk dabbar da ta shigo jiharmu sai an yanka mata takarda."

Ina shirin yi masa bayani irin na malamai, sai matar nan ta baya ta ɗaga murya da wata Hausa mai kaifi, wadda ba tamu ta Kano ba. "Kai, ɗan nan! Zabi biyu ne garken shanu? Ka dubi tsohon nan, ya kai kakanka, kun fasa masa madubin ido, kuma kana neman takarda? Janye katakon nan kafin in sauko!"

Saurayin ya dube ta, ya dubi abokansa, ya ce, "Mama, ba faɗa ba ne," ya ja katakonsa.

A Saminaka muka tsaya cin abinci, na je na yi mata godiya. Sunanta Rifkatu, Kirista ce, fataucin hatsi take yi tsakanin kasuwanninmu da nasu. Ta tambaye ni inda za ni da zabi. Da na gaya mata, sai ta ajiye cokali ta tafa hannu.

"Ashe tafiyarmu ɗaya, Baba! Ɗana Bitrus ma yana cikin sunayen. Buhunan nan da ka gani a sama, su ne makarantarsa. Ni dai in sun ce in dangwala yatsa goma, zan dangwala. Na gaji."

Na ce, "Ni ma abin da ya kawo ni ke nan."

Daga nan gaba ƙasa ta sāke. Wanda ya sauka aka maye gurbinsa da wanda ya samu, mace ko namiji, ba mai tambaya. Na ga aladu suna kiwo a bakin hanya kamar awakinmu. Na ga yara suna gaida manya a tsaye ƙiƙam, takalmi a ƙafa, manyan kuwa suna amsawa da fara'a, ba wanda ya ga laifi. Na ce a raina, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Rana tana gab da faɗuwa muka isa. Rifkatu ta nufi gidan 'yar'uwarta, ni kuwa na tambayi unguwar Hausawa, aka kai ni gidan Alhaji Garba mai goro, mutumin Dawaki, wanda na taɓa koyarwa a aji uku. Da ya gan ni sai ya zube ƙasa, da furfurarsa da komai, yana cewa, "Malam, har yau in na ga tsumagiya sai na tuna jadawalin bakwai." Ya ba ni ɗakin zaure, ya sa aka watsa wa zabi gero.

Aka kawo sakwara da wata miya mai yauƙin da ya fi na kuɓewa, ga ganda a ciki kamar tafin takalmi. Na yi loma uku don kada in kunyata mai gida, miyar tana bin hannuna har gwiwa. Alhaji Garba ya lura, ya ce a dama mini kunu. Muna sha yake ba ni shawara.

"Malam, ka ji maganar ɗalibinka. Gobe in an miƙo takarda, sa hannu kawai ka kama hanya. Nan ba Rano ba ce. Nan ko ruwan alwala saye ake yi. Wanda ya tsaya gardama, shi ke kwana ciki."

Na ce masa ai ban zo gardama ba.

Da safe na sa rigar saƙi, na ɗauki keji, na nufi jami'a. Abin da na fara gani a ƙofa ba sunan makaranta ba ne, allunan talla ne na bankuna da na kamfanonin waya, kowanne ya fi ɗan'uwansa girma. Mai gadi ya dubi kejin ya ce, "Baba, in sayarwa ka kawo, sai ka yanki tikitin 'yan kasuwa a tagar can." Na ce ni uban ɗaliba ne. Ya ce to, sai in yanki tikitin baƙi a taga ta biyu. Na tambaye shi tun yaushe uba yake sayen izinin ganin 'yarsa. Ya ce shi ba ruwansa, an ba wani kamfani ƙofar. Na yanka na shiga.

Safiya tana jirana a gindin wata bishiyar mangwaro. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, na bar ta a durƙushe na faɗi duk abin da na ƙullo tun daga Kibiya: cewa ta zubar mini da mutunci, cewa 'ya mace mai tarbiyya ba ta tsayawa gaban maza tana ɗaga murya, cewa saura 'yan watanni ta gama ta ɗauki wuta ta sa a rumbunta. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Baba, na ji. Kwamiti sai bayan sha ɗaya. Ka zo ka ga inda nake kwana."

Ta kai ni har bakin ɗakunan kwanan mata, na tsaya daga waje. A tsakar wurin akwai famfuna shida a jere, kowanne an garƙame masa kwaɗo. Can gefe ga motar ruwa, 'yan mata sun yi layi da bokitai, wani mutum yana karɓa yana zubawa.

Ta ce, "An ba ɗan kwangila ɗakunan. Ruwan famfo ba ya cikin kwangilarsa, na mota shi ne nasa. Ban-ɗaki ma da tikiti. Ɗakin gwaje-gwaje, in ba ka biya na wannan zangon ba, ba ka taɓa kwalba. Kuɗin makaranta kuwa an ninka shi ana tsakiyar shekara. Mun rubuta takarda sau uku, ba amsa. Shi ne muka ɗauki bokitanmu babu ruwa, muka je muka zauna a ƙofar ofishin shugaba. Ko gilashi ɗaya ba mu fasa ba, Baba. Zama muka yi."

Na ce, "Ina Lami?"

Lami 'yar Malam Sani ce na Yalwa, tare suka zo jami'ar nan. Ni da kaina na yi sawu huɗu zuwa gidan ubanta kafin ya yarda ya bar ta. Abin da na ce masa a ranar ƙarshe, ban manta ba: na ce boko ba ya duban aljihun uba, kan yaro yake duba.

Safiya ta sunkuyar da kai. "Ta koma gida tun kafin bore. Malam Sani ya sayar da bijimin nomansa, bai isa ba. Kunyarka suke ji, shi ya sa ba su gaya maka ba."

Na nemi dutse na zauna. Ni da nake alfahari a majalisa cewa na kai 'yan mata biyu jami'a, ashe ɗaya tana Yalwa tana surfe, ni kuwa na mai da kaina maƙaryaci a wurin ubanta. Na tuna makarantar allo ta Malam Babba inda na fara karatu. Ran Laraba kowa yana kai abin da ya samu, mai kwabo ya kai kwabo, mai zangarniyar gero ya kai, wanda ba shi da komai ya zauna a inda ya saba zama, ba a taɓa ɗauke masa allo ba. Na tuna kwalejin horon malamai, inda har sabulu ake ba mu. Da an sa wa famfo kwaɗo a zamaninmu, da yanzu ina bin shanun wani.

Duk da haka na ce mata, "Abin da ya wuce ya wuce. Zan sa hannu, ki gama, ki fito."

Ta ce, "Yadda ka ce, Baba. Amma ba a nuna mana takardar ba, kuma an hana mu shiga zauren. Don Allah ka karanta kafin ka sa."

Na taɓa aljihun da fasasshen tabarauna yake.

Zauren ya cika da iyaye. Akwai masu kwat, amma mafi yawa irina ne da irin Rifkatu: manoma, 'yan tireda, tsofaffin ma'aikata. A gaba ga dogon tebur. A tsakiya Farfesa ne shugaban kwamiti, mutumin Arewa, da hularsa ƙube da Hausarsa garau. A gefensa magatakarda yana kiran suna, ya ɗora yatsa a ƙasan takarda ya ce, "Nan." Mai sa hannu ya sa, mai dangwale ya dangwala, a kira na gaba. Ban ga wanda ya ɗaga takardar ya duba ba. Rifkatu tana bayana a layi, har an riga an shafa mata tawada a babban yatsa don a yi sauri.

Aka kira sunan Safiya. Na isa gaban tebur, na ajiye keji, na cire takalmi, na soma gaisuwa yadda ta kamata: gajiya, da iyali, da jama'a, da aiki. Farfesa ya amsa biyu ya dubi agogo. Magatakarda ya miƙo alƙalami ya ce, "Nan, Baba."

Na ɗauki takardar. Baƙaƙen suka zama mini kamar tururuwa a cikin hazo. Na ajiye.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a karanta."

Farfesa ya ce, "Malam, ƙa'ida ce kawai. Kowa ita ya sa wa hannu."

Na ce, "Allah Ya ba ka nasara, shekara arba'in ana kirana shaidar cinikin gona a ƙasar Kibiya da Rano. A wurinmu ko gona mai kunya uku a fadama ba ta sauya hannu sai an karanta takarda da ƙarfi, mai saye ya ji, mai sayarwa ya ji, shaidu su ji. In da mai nauyin kunne a wurin, a maimaita. Ban taɓa sa hannu a abin da ba a karanta a bainar jama'a ba. Wannan kuwa ba gona ba ce, 'ya ce."

"To ai kai malami ne, ka karanta da kanka."

Na fito da tabarau na ɗora a kan tebur, ido ɗaya rami, ɗaya a tsage. Wani a baya ya yi dariya. Farfesa ya yi tsaki ya ce da magatakarda ya karanta mini. Shi kuwa ya matso kusa da kunnena ya soma gunguni da Turanci, da sauri kamar mai tsoron kada tuwo ya huce.

A nan ne tsohuwar sana'a ta motsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin safe a makarantata ya san muryata tana kaiwa har bayan katanga. Na ce ya tsaya a ƙarshen kowace jimla. In ya tsaya, sai in juya in fuskanci iyaye in faɗa da Hausa.

Sharaɗi na farko: ɗalibi ya yi nadama, ba zai sake ba. Kowa ya gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa.

Na biyu: uba ya amince da kuɗin da aka sa yanzu, da duk wanda za a sa nan gaba, shi da ɗansa ba za su yi ƙorafi ba. Zaure ya fara guna-guni. Wani tsoho mai sanda ya ce, "Har wanda ba a faɗa ba tukuna?"

Magatakarda ya dubi Farfesa. Na ce, "Ci gaba, ɗana, saura."

Na uku: kafin a mai da ɗalibi aji, sai ya rubuta wa kwamiti sunayen duk waɗanda suka shirya zaman nan, da wanda ya yi magana, da ɗakin da aka taru. In kuma aka sake ganinsa a taron da ake zancen kuɗin makaranta, an kore shi ba tare da an saurare shi ba.

Na faɗe shi da Hausa, na maimaita saboda masu nauyin kunne. Kamar an shirya, zabin nan suka ɓarke da kuka a ƙarƙashin tebur. Rifkatu ta fito daga layi, ta ɗaga yatsanta mai tawada kowa ya gani, ta goge shi a zanenta.

Ta ce, "Ni Bitrus na haifa, ban haifi ɗan leƙen asiri ba! Ku ce ya sayar da 'yan'uwansa? Gara ya zo mu ɗauki buhu tare!"

Zaure ya rikice. Waɗanda suka riga suka sa hannu suka dawo suna neman takardunsu. Farfesa ya buga tebur har aka yi shiru, sa'an nan ya dube ni, ya sassauta murya.

"Malam, ka san abin da kake yi kuwa? 'Yarka tana ajin ƙarshe, kuma tana cikin masu ƙoƙari. Ka sa hannu, ta rubuta suna biyar ko shida, ta gama lafiya. Kana tsammani daɗi muke ji? Abin da gwamnati take ba mu ya ragu. An ce kowace jami'a ta nemi na kanta. Da me zan kunna wuta? Da me zan sayi magungunan gwaji?"

Wallahi maganarsa ta shige ni, domin na riƙe makaranta, na san zafin rashin alli. Kuma na hango Hajiya Asabe, da shekara biyar na wahalar yarinyar nan. Hannuna har ya kai kan alƙalami. Amma sunayen ba ni zan rubuta ba, ita ce. Na nemi izini, na zura takalmina na taka zuwa ƙofa, inda ɗalibai suka taru a bayan masu gadi, na kira ta na gaya mata sharaɗi na uku.

Ta ce, "Baba, in ka umarce ni, ba zan saɓa maka ba. Amma waɗanda zan rubuta, da su muka raba bokiti ɗaya. In na fito da takardar shaida ta wannan hanya, ban san bangon da zan rataye ta ba."

Na ce, "Ko da za su kore ki?"

Idanunta suka kawo ruwa, amma ta ce, "Ko da."

Na koma gaban tebur. Wannan karon ban cire takalmi ba.

Na ce, "Farfesa, ina da tambaya guda. Sa'ad da ka yi naka karatun, wa ya biya?"

Ya kau da kai ya dubi takardun gabansa.

Na ce, "Kyauta ka yi shi, ni ma haka. Talakan ƙasar nan ne ya biya mana da harajin gyaɗarsa da audugarsa, bai san sunanmu ba. Yau jikansa ya zo shan ruwa, mun sa wa famfo kwaɗo. In gwamnati ta rage muku, ga yara nan, ga mu iyaye, ka shige gaba mu bi ka har inda gwamnatin take. An ce mulkin farar hula ake yi, baki ya buɗe. Amma ka bar mai ƙarfi ka juyo kan mai bokiti, sa'an nan ka ce in koya wa 'yata cin amana da hannuna? Na zo ba da haƙuri, kuma a kan na farko na bayar. Na biyu da na uku, ba da alƙalamina ba."

Na ajiye masa alƙalaminsa, na sunkuya na ɗauki kejina. Magatakarda, wanda tun ɗazu yake satar kallon zabin, ya ce a hankali, "Baba, ba na Farfesa ba ne?" Na ce, "Dā can nasa ne."

Aka ɗage zaman. Ba zan yi muku ƙarya in ce kowa ya bi ni ba. Da yawa sun koma da yamma sun sa hannu, kuma ban ga laifinsu ba, kowa ya san nauyin da ke kansa. Alhaji Garba ya yi ta salati yana cewa, "Malam, ai na gaya maka!" Amma shi ne ya hana ni tafiya, ya riƙe ni kwana biyu, ya sa aka nemo mini garin dawa da kuka.

A rana ta uku aka liƙa sanarwa. An soke sharaɗin ba da sunaye ga kowa da kowa. An cire kwaɗo daga famfuna. Kuɗin makaranta yana nan yadda aka ninka shi, ko kwabo bai ragu ba. Ɗalibai tara da iyayensu suka ƙi sa hannu, an dakatar da su shekara guda, Safiya da Bitrus suna ciki.

A tasha muka rabu da Rifkatu. Ta cusa wa Safiya doya uku a jaka, ta ce mini, "Baba, ka ja mini asarar shekara, amma na gode." Da muka iso iyaka, saurayin nan mai katako ya leƙo ya gane ni. Ya ce, "A'a, Baba mai zabi! Ba a saya ba?" Na ce, "Ba na sayarwa ba ne."

Washegarin komowata, kafin in je ko'ina, Yalwa na nufa. Na durƙusa gaban Malam Sani, wanda na girme shi da shekara goma, na ce maganar da na gaya masa ta zama ƙarya, ya yafe mini. Ashe ban haƙurin da ya wajaba a kaina a nan kusa yake. Yanzu kullum bayan la'asar Lami tana zuwa, ita da Safiya suna buɗe littattafansu a zaurena don kada karatu ya yi tsatsa, muna kuma neman hanyar da za ta koma. Ko za su karɓi Safiya in shekara ta cika, Allah ne masani. Hajiya Asabe ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta ce kada wanda ya taɓa zabin nan, sai ranar da yarinyar ta kawo takardarta.

To, Malam Iro, da sauran masu tambaya, ga amsarku. Ba korata aka yi ba, ba kuma rowa ba ce. Gaisuwa, a yadda muka gāda, ana kai ta ga wanda ya riƙe maka ɗa amana: malami, ko uban gida, ko mai unguwa. Da wannan niyya na ɗauki keji daga Kibiya. Da na isa na tarar ƙofa da tikiti, ruwa da tikiti, har bakin yaro an yi masa farashi. Ni kuwa tun da nake, ban taɓa ganin an kai wa ɗan kasuwa gaisuwa a rumfarsa ba. Ciniki ake yi da shi. Ya yi tayinsa, na ce albarka, na ɗauko 'yata da zabina.